Shafin Malama Tsit

A sashen nan kaf babu wanda zai ce maka ya taɓa jin Malama Tsit ta jera magana uku, shi ya sa ma sunan ya bi ta. Za ta shigo ɗakin ɗaliban digiri na uku, ta yi sallama can ƙasan maƙoshi, ta wuce teburinta na jikin taga, ta buɗe kwamfuta, shi ke nan sai kuma gobe. Amma kada shirun ya ruɗe ka. Baiwar Allahn nan cikinta fal yake da magana, ba dai ta baki take fitar da ita ba. Shafi gare ta a intanet, ta sa masa suna "Daga Kan Benci", saboda dogon bencin katakon da ke ƙofar ofishin Farfesa, inda ɗalibai ke zama suna tsufa.

Shekararta bakwai ke nan a kan digirin. 'Yar da ta haifa a zangon farko yanzu har ta iya karanta rubutun jikin shaguna, in kuma aka tambaye ta aikin mamanta sai ta ce, "Jira take yi." Dokar makarantar kuwa ba ta san wasa ba, shekara bakwai ce iyaka. Duk wanda bai kai takardar amincewa mai sa hannun malaminsa ofishin rajista ba kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis ɗin nan, an soke sunansa, sai ya rungumi kundinsa ya yi gida. Su biyu suka rage a 'yan shekararsu, ita da Baban Biyu, wanda teburinsa ke manne da nata. Dukansu kuma a hannun Farfesa suke.

A shafin take sauke abin da ke cinta. Yadda ake ce maka ka dawo Litinin, in ka dawo a tambaye ka wace Litinin. Yadda babi na huɗu ya yi wata biyar a ƙarƙashin butar shayi, ya dawo da zoben shayi a bangonsa, ciki kuwa ko ɗigon biro babu. A ƙarshen kowane rubutu sai ta ɗan yi hirar kiɗan da ta ji a ranar, don ita mace ce mai son kiɗa kamar me, ko wanki take za ka ga waya maƙale a kunnenta. Masu karanta ta ba su wuce arba'in ba, kuma hakan ya yi mata daidai.

Maganar ɓoye kai kuwa, nan ne take ganin ba a kai ta iyawa ba. Ai sana'arsu ce. In ka yi hira da mutum don bincike, sai ka sauya masa suna, ka sauya shekaru, ka sauya aiki, yadda ko uwarsa ba za ta gane shi ba. Ita ce ma ke koya wa 'yan ajin farko wannan darasi. Don haka ta yi wa kanta abin da take yi wa mutanen bincikenta, ta mai da kanta namiji. Da ta zo ba namijin nan iyali, maimakon ta ƙirƙira, sai ta ɗaga kai ta ga hoton tagwaye a teburin maƙwabcinta, ta ce to, 'yan biyu gare shi. Da ta zo ba shi abin hawa, ta ba shi tsohon babur mai tari, irin wanda take jin ƙararsa kullum da safe a ƙarƙashin tagarta. A lissafinta ta yi nisa da kanta sosai. Ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta kusa da wa ta matsa ba.

Sai kuma zancen sarewa. Baban Biyu na da wata 'yar baƙar sarewa da yake ajiyewa a aljihun jaka. Kullum da rana in an watse cin abinci, sai ya zagaya bayan ginin, ya zauna a kan matattakalar ƙarfe, ya yi busa ta minti goma, sannan ya dawo kamar ba shi ba. Wata rana busar ta kama Malama Tsit har idonta ya ciko, ta miƙa waya ta taga ta naɗa, ta ɗora a shafin. Ba ta tambaye shi ba. Cewa ta yi ai busa ba ta da fuska, ba ta da suna. Haba Malama! Mutum nawa ne ke busa sarewa a bayan sashen?

Duk da haka da an zauna lafiya, ba don abin da ya faru a makon jiya ba. Ta shiga wurin Farfesa da shafin ƙarshe na gyaranta, ta miƙa masa. Ya karɓa, ya kafe shi da ido yana gyaɗa kai, ya ce sakin layi na biyu yana son a ɗan matse shi. Takardar kuwa a juye take a hannunsa, ƙasanta ne a sama. Nan take komai ya haɗe mata wuri ɗaya: dalilin da ya sa yake sa ɗalibai su karanta masa da baki wai don ya ji zubin maganar, dalilin da ya daina tuƙi, dalilin da babi ke dawowa fari tas. Ranta ya yi mugun ɓaci. Shekarunta ne fa suka ƙare a kan bencin nan! A cikin motar haya, kan hanyar gida, da babban yatsa ɗaya, ta rubuta cewa malaminsu ba ya gani, kuma yana ɓoyewa don kada a sallame shi, su kuwa ɗalibansa ko oho. Kafin ta sauka ta riga ta saki.

Rubutun da ba ya wuce mutum arba'in, wannan karon ƙafa ya yi. Wani ya ɗauki hotonsa ya jefa a zauren hirar sashe na waya, kan ka ce kwabo an tono tsofaffin, an haɗa tagwaye da babur da sarewa. Ranar Litinin har an fara raɗe-raɗin shugaban sashe zai sa a duba lafiyar Farfesa. Ranar Talata da safe aka kira Baban Biyu ofis.

Tana zaune a teburinta amma tana jiyo muryar tsohon ta bango. Abin da ta fi ji da kyau shi ne rantsuwar: ya rantse da Allah wanda ya rubuta abin nan ba zai ga sa hannunsa ba, ko da shi kaɗai ya rage farfesa a duniya. Baban Biyu ya dawo ɗakin fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Ya zauna, ya yi magana yana kallon bango.

"Shekara biyu ni nake kai shi asibitin ido a bayan babur ɗina. Ni nake karanta masa wasiƙunsa. Ya ce ni kaɗai ya faɗa wa, ko matata ban gaya wa ba. Yanzu wai ni na tona shi."

Malama Tsit ta ɗago kai ta dube shi. Wannan ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba. Nan ne ya kamata ta buɗe baki, amma ina, tsoro ya riga ya kama ta. Ta miƙe ta shige banɗaki, ta sa sakata, ta goge shafin ɗungurungum. Ta goge adireshin da ta buɗe shi da shi, ta goge busar daga wayarta, ta bi kwandon sharar kwamfuta shi ma ta zazzage. Mace ce mai aiki tsaf, ko ɓurɓushi ba ta bari ba. Da ta fito sai ta tarar da 'yan sashe a baranda suna nuna wa juna waya. "Ka gani ko? Minti goma da fitowarsa daga ofis, shafin ya ɓace. Shi ne mana!"

Washegari da safe ta gaya wa maigidanta. Mai gyaran firji ne, mutum mai haƙurin gaske, kullum shi ke kai yarinya makaranta ya ɗauko ta don Mama ta samu ta yi karatu. Yana tsugune yana ɗaure wa 'yar igiyar takalmi, sai da ya tura ta waje ta jira shi, sannan ya juyo.

"Yanzu ke ya ce zai sa miki?"

"Gobe ƙarfe uku, haka sakatariya ta ce."

"To ki bari ki karɓa mana. Jibi sai ki je ki faɗi gaskiya, ki ba kowa haƙuri."

"Jibi ai an riga an soke sunansa."

Ya jujjuya makullin shago a hannu. Ta ga yadda yake son ya ce mata wani abu mai sauƙi, ya rasa. Daga ƙarshe cewa ya yi, "Ni dai na san irin wahalar da muka sha a gidan nan. Shi ma kuma na san da gida ya zo." Ya fita ya bar ta tsaye a tsakar ɗaki, ta rasa inda za ta tsoma ranta.

Ta fara gwada sakatariya, wata dattijuwa mai tabarau a goshi wadda ta fi kowa sanin sashen. Ta sunkuya a kan teburinta ta ce a hankali, "Anti, shafin nan nawa ne." Sakatariya ta dube ta sama da ƙasa, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ke? Ke da sai an yi da gaske ake jin sallamarki? To ina tagwayen naki?"

"Wallahi Anti ni ce. Zan iya karanto miki duk abin da ke ciki da ka."

"Ni ma zan iya, 'yar nan. Duk sashen nan wa bai haddace ba? Allah ya ba ki ladan zumunci, amma ki rufa wa kanki asiri, ki karɓi takardarki gobe."

Ta fito daga ofishin. Ta ɓoye kanta da kyau har ta kai ko ita ta ce ita ce, ba mai yarda, kuma abin da za ta nuna da hannunta ta share shi.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe biyu ta tarar da Baban Biyu yana zuba kayansa a kwali. Littattafai, kofi, hoton tagwayen. Babu kowa a ɗakin sai su. Ta tsaya a bayansa.

"Baban Biyu, ni ce."

"Na sani." Ko juyowa bai yi ba. "Tun ranar da kika sa busar na sani. Ƙarar fankar teburinki ta fito a ciki."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ya ce miki ban faɗa ba?" Sai yanzu ya juyo, idonsa jajir. "Kada ki ɗauka waliyyi ne ni, Malama. Jiya na koma na ce masa ke ce, har da rantsuwa. Cewa ya yi ashe rashin kunyata ta kai in ɗora wa baiwar Allahn da ba ta ko iya magana. Kin ɗauki 'ya'yana, kin ɗauki babur ɗina, ban ce komai ba, na ce wasa ne. Amma busar nan, tun rasuwar mahaifina nake yinta, ba don kunnen kowa nake yi ba. Da kin tambaye ni ai da na ce a'a."

Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu. Ya zaro wata takarda daga aljihu, duk ta yamutse, takardar amincewarsa ce da Farfesa ya dunƙule ya jefa masa ranar Talata. Ya dube ta sau ɗaya, ya sake ta a kwandon shara, ya ɗauki kwalinsa ya fice. Malama Tsit ta sunkuya ta ɗauko ta, ta shimfiɗa a kan cinya tana lallaɓawa, ta sa a cikin fayil bayan tata. Ita kanta ba ta san me za ta yi da ita ba.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna sakatariya ta leƙo ta ce ta shiga. Ofishin na nan yadda yake, littattafai har rufi, labule a ja rabi, tabarau uku jere a kan tebur. Farfesa na zaune a miƙe, ya rame a kwana ukun nan.

"Zauna, 'yata. Kawo takardar."

"Baba, ni na rubuta abin nan."

"Shi ya turo ki?"

"Wallahi tallahi babu wanda ya turo ni. Ni na rubuta, ni na goge."

Ya yi wani ɗan murmushin gajiya. "To na ji, ke ce. A bakin wa kika ji zancen idona? Mutum ɗaya na faɗa wa. Ko shi ya rubuta, ko shi ya ba da labari, duk ɗaya ne a wurina."

"Ba wanda ya faɗa min, Baba. Gani na yi. Ranar da na kawo shafin ƙarshe, a juye ka riƙe shi."

Ta ga muƙamuƙinsa yana motsi. "Ƙarya ne," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Shekara biyu ba wanda ya gane. Ba wanda ya gane!" Sai a lokacin ta fahimci abin da ke damun tsohon. In har ita ta gani da kanta, to sakatariya ma ta gani, mai shara ya gani, kowa ya daɗe da gani yana kawar da kai. Ya fi masa sauƙi a ce mutum ɗaya ne ya ci amanarsa. Tausayinsa ya kama ta, ga kunya, ga agogon bango yana ta tafiya abinsa.

Ta zame daga kujera ta durƙusa. "Baba, don girman Allah ka hana ni, ka sa masa. Bai yi komai ba."

"Tashi, ba ciniki muke ba. Takarda ɗaya zan sa wa hannu yau, taki. Ki kawo ko ki fita." Ya lalubo biro ya cire murfin. Hannunsa ya tsaya a sama, ya daɗe a haka, sannan ya ce da ƙyar, "Ɗora min bakinsa a kan layin."

Ta buɗe fayil ɗin. Ga tata a sama, sumul, ga tasa a ƙasa. Ta yi tunanin ta ce masa kwafi biyu ake so, amma mutumin da ya shekara talatin yana sa hannu a takardar nan ba za a gaya masa wannan ba. Ta tuna 'yarta, ta tuna maigidanta tsugune da igiyar takalmi. Ta kuma san abin da take shirin yi ba shi da kyau, da larurar da ta tona za ta cuci tsoho. Duk da haka ta zaro ta ƙasan, ta shimfiɗa a gabansa, ta kama hannunsa ta ɗora biron a kan layi.

Ya sa tafin hagu zai danne takardar. Yatsunsa suka bi ta kan yamutsewar, suka tsaya, suka sake bi a hankali.

"Wannan ni na dunƙule ta," ya ce. "Na san aikin hannuna."

Ta sunkuyar da kai.

"Ɗaya na ce, kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ya ɗago fuskarsa wajen da muryarta take. "Ashe dai ke ce ɗin," ya ce. Sannan ya sunkuya ya ja dogon sa hannunsa a kan layin, bai kauce ba ko kaɗan. Ya tura mata takardar.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta so ta fita da mutuncinta, amma ta kasa, shekara bakwai ba wasa ba ce. "Baba," ta ce, muryarta na karyewa, "tawa fa?"

Ya mayar wa biron murfinsa. "Na yi rantsuwa a kan wanda ya rubuta, ba a kan Baban Biyu ba. Ki ja min ƙofar."

Ta sauko matattakala biyu-biyu, gyalenta na jan ƙasa. A wurin ajiye ababen hawa ta same shi yana fama da igiyar roba, yana son ɗaure kwalin a bayan babur. Ta miƙa masa takardar. Ya duba, ya sake dubawa, ya kai ta kusa da ido kamar bai yarda ba. Sannan ya dubi fayil ɗin da ke hammatarta.

"Taki fa?"

"Saura minti goma sha biyu, kuma ofishin rajista da nisa. Yi sauri."

Ya tsaya yana kallonta. Ya sauke kwalin ya dire a gabanta. "Kula min da wannan," ya ce. Sai da ya buga babur ɗin sau huɗu kafin ya tashi, ya fita ƙofar sashe a guje.

Ta buɗe fayil ɗin ta kalli tata takardar, sunanta cikakke a sama, taken kundinta layi uku, wurin sa hannu fari fat. Ta zauna a ƙasa a gefen kwalin, ta ɗora hannu a kansa don kada iska ta buɗe shi, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. A nan ƙarfe huɗu ta same ta, tana gadin kayan Baban Biyu.